Ranar Da Kulot Ya Sha Kunun Ango

Eloy yana tsugune a gindin babur ɗinsa na haya, mai rumfar fasinja a gefe, yana goge madubi da tsumma, sai ya ji kakarin amai daga bayan tankin ruwa. Bai waiga da wuri ba. Ya riga ya saka farar rigar biki mai shara-shara wadda tela ya gama masa shekaranjiya, don haka komai a hankali yake yi, kada ta taɓa baƙin mai. Sai da kakarin ya sake zuwa, wannan karon har da wani ɗan kuka siriri, sannan ya miƙe.

Kulot ne, karen Minda. Ɗan ƙarami ne, mai murɗaɗɗen gashi ruwan ƙasa, kuma a irin wannan lokaci na safe kwanciyarsa yake yi a ƙarƙashin babur har sai an tayar da inji. Yau kuwa zagaye tankin yake ta yi, harshe a waje, yana haki kamar wanda aka koro daga kasuwa. A ƙasa ga abin da ya amayar, baƙi, da ƙwayoyin shinkafa a ciki. Eloy ya sunkuya, warin ya daki hancinsa, nan take ya gane abin da yake kallo.

Shi ne ya tashi tun zakaru ba su gama cara ba ya dafa kunun shinkafa mai cakulan, irin wanda ake sha da soyayyen busasshen kifi. Kullum a gidan da garin leda na kanti ake yinsa, wanda rabinsa sukari ne. Amma yau sha huɗu ga Fabrairu, ranar masoya, kuma ranar aurensa da Minda, shi ya sa ya ɗauko tabliyar da kawunsa ya aiko daga gona: 'ya'yan itacen koko zalla, an soya, an niƙa, an dunƙule kamar daddawa. Guda biyu sun ishi tukunya. Eloy ya jefa goma sha biyu, yana ganin ranar ta cancanci haka. Kunun ya fito baƙi ƙirin, ga ɗaci mai kama maƙogwaro. Minda ta kai cokali uku, ta ce ya yi daɗi, ta ture kwanon ta shiga ɗaki yin kwalliya.

"Nanay!" ya kira mahaifiyarsa. "Ina sauran kunun da ke tukunya?"

Nanay Pasing ta leƙo daga madafa, tana sanye da rigar coci mai ruwan hoda, da tawul a kafaɗa.

"Na juye wa kare. Me za a yi da shi? Wa zai sha wannan ɗacin? Ni da na kurɓa har yanzu harshena bai dawo ba."

"Duka?"

"To rabi zan ba shi in ajiye masa rabi a firji? Ya lashe tukunyar tas, ko wanki ba ta buƙata."

Haka ake yi a gidan, haka ake yi a duk unguwar. Abin da mutane suka rage shi kare yake ci: shinkafa, romon kifi, ƙasusuwa, ƙanzon tukunya. Ba wanda ya taɓa ganin laifin haka.

Minda ta fito da jin sunan kare. Farar doguwar riga ce a jikinta, ta ɗan tattare ta da hannu ɗaya, jan baki kuma a leɓen ƙasa kawai, ba ta kai ga na sama ba. Ta dubi ƙasa, ta dubi Kulot, ta saki rigar ta durƙusa a kan siminti.

"Kulot. Zo nan, ɗan Mama. Zo."

Ya nufo ta, amma ƙafafunsa na baya sai rawa suke yi. Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa.

"Loy, zo ka ji."

Ya sa hannunsa kusa da nata. Zuciyar karen bugawa take yi da sauri, ba tsari, kamar injin da aka murɗe wa mai alhali babur yana tsaye.

"Cakulan guba ne ga kare," in ji Minda a hankali. "Na taɓa gani a waya."

"Waya!" in ji Nanay Pasing. "Karnukan uban Eloy har kofi sun sha, kuma tsufa ne ya kashe su. Shi wannan ɗin sau nawa ya sha kunun cakulan a gidan nan? Dong, ɗana, ɗauko kwakwa ka kankare. A matse madarar, a zuba sukari cokali biyar, a ɗura masa. Mu ɗaure shi a inuwa mu tafi. Kafin mu dawo ya warware."

Eloy ya dubi agogon hannunsa. Takwas da rabi saura kaɗan. Ƙarfe tara da rabi ake fara zaunar da ma'aurata, ƙarfe goma magajin gari zai shigo. Likitan dabbobi kuwa sai can garin da ke bakin babbar hanyar birnin Davao, tafiyar minti arba'in in hanya ta yi kyau.

Shekara tara ke nan suna zaune gida ɗaya ba a ɗaura ba. Kowace shekara magajin gari yana shirya auren gata a ranar masoya, a babban ɗakin ƙwallon kwando na gari, a ɗaura wa mutum ɗari ko fiye a lokaci guda, a ba kowa kek da fure. Shekarar farko Eloy ya ce a bari sai ya sayi babur nasa na kansa. Wata shekara mahaifinsa ya rasu. Bara waccan har sun rubuta suna, sai ya ɗauki fasinja da sassafe ya ce yanzun nan zai dawo, bai dawo ba sai da rana ta karkata, da labarin fashewar taya. Tayar ta fashe da gaske. Amma shi ya sani a ransa cewa ya daɗe a benci wurin mai faci fiye da yadda facin ya buƙata. Ko an tsare shi da wuƙa ba zai iya faɗin abin da yake tsoro ba. Yana son Minda, bai taɓa kallon wata ba. Kawai duk lokacin da ranar ta matso sai bakinsa ya ce baɗi.

Ranar sabuwar shekara Minda ta faɗa masa, ba faɗa ba hayaniya, tana yankan albasa: in wannan sha huɗun ta wuce ba a ɗaura ba, za ta koma wurin yayarta a Bukidnon. Washegari ta sauko da jakarta daga kan kabad, ta kakkaɓe ƙura, ta jingine ta a bayan ƙofa. Har yau tana nan.

Shi kuma Kulot, a kwatar bayan kasuwa ta tsinto shi shekara huɗu da suka wuce, a watan da suka dawo daga asibiti su biyu, bayan sun tafi da tsammanin dawowa su uku. Da cokali ta shayar da shi har ya yi ƙwari.

Eloy ya dubi kwakwar da ke jibge a gindin bango. Minti goma ya isa a kankare, a matse, a ɗura. Ba wanda zai ce ya yi laifi. Ya sake duban Minda. Ba ta kalle shi ba, hannunta yana kan ƙirjin karen, gwiwar farar rigarta ta riga ta yi ƙasa-ƙasa. Ya gane ba za ta roƙe shi ko ɗaya daga cikin biyun ba, zuwa biki ko kai karen wurin likita.

"Ku tafi ke da Nanay," ya ce. "Maƙwabcinmu Nonoy zai kai ku a nasa babur ɗin. Ki riƙe mana kujera. Ni zan kai shi wurin likita in ajiye shi in juyo."

Sai yanzu ta ɗago kai.

"Haka ka ce bara waccan. Yanzun nan zan dawo."

"Na sani."

"Mu je tare."

"In aka kira suna ba ko ɗayanmu, sokewa za su yi. In kina nan za su ɗan jira."

"Yesu, Maryamu!" Nanay Pasing ta tafa hannu. "Kare fa! A kan kare za ka bar yarinya ta zauna ita kaɗai a gaban duk garin nan? Dong, kana da hankali kuwa?"

Minda ta miƙe ta shiga ɗaki, ta dawo da tsohon bargo. Ita da kanta ta naɗe Kulot ta kwantar da shi a ƙasan rumfar babur, ta tokare shi da matashi don kada ya gangara. Ta tsaya riƙe da ƙarfen rumfar.

"In ya mutu a hannunka kada ka kira ni a waya," ta ce. "Ka zo ka faɗa mini da bakinka."

Ya gyaɗa kai, ya taka babur.

Gari ya riga ya yi ja. Masu sayar da fure sun cika bakin kasuwa da bokitai, ga balan-balan masu siffar zuciya an ɗaure a kowace rumfa, 'yan makaranta sai wucewa suke yi da jajayen riguna. A mahaɗar hanya, inda abokan sana'arsa ke jiran fasinja, wani ya hango shi ya miƙe tsaye a kan babur.

"Ga ango! Ga ango! Kai, Eloy, ba can ne hanyar ba!"

Wani ya leƙa rumfar da yake wucewa a hankali saboda cunkoso.

"Pare, abokina, wannan ce amaryar? Ai ta cika gashi!"

Suka kwashe da dariya. Wani ya ɗaga murya daga baya: "Bana ma tayar ce?"

Wannan ta shige shi. Ya murɗa mai ya hau kwalta. Gonakin ayaba suka riƙa wucewa dama da hagu. Kowane minti ɗaya sai ya saki hannu ɗaya ya taɓa bargon ya ji ko yana motsi. A kan gada wata babbar motar kwakwa ta tare hanya tana tafiya kamar ba ta son isa, ya bi bayanta yana shaƙar hayaƙi har sai da ya sami wurin wucewa.

Asibitin dabbobin shago ɗaya ne tsakanin kantin magani da mai gyaran waya. A kan benci wata budurwa tana rungume da kyanwa a cikin tawul, idanunta sun kumbura, kusa da ita wani saurayi yana zaune a takure da ragowar damin fure a cinya. Likitar, Dakta Olarte, gajeriyar mace ce mai furfura da tabarau a goshi. Ta dubi Eloy daga sama har ƙasa.

"Manong," ta ce, yadda ake kiran namiji a nan don girmamawa, "biki za ka ko daga biki kake?"

"Za ni, Dakta. Ƙarfe goma."

"Na wa?"

"Nawa."

Ta dubi agogon bango. Tara da minti ashirin.

"To ɗora shi nan. Me ya ci?"

Ya faɗa mata. Ta ɗora karen a ma'auni, ta sa abin sauraren ƙirji, fuskarta ta canza.

"Tabliya nawa ka ce?"

"Goma sha biyu."

Ta sauko da tabarau kan hancinta ta kalle shi ta cikinsu.

"Goma sha biyu. Kai kunu ka dafa ko kwalta?"

"Ranar biki ce, Dakta. Na so ya yi kyau."

"Ya yi kyau kuwa." Tana magana tana buɗe durowa, tana fiddo allura da robar ruwa. "Kun ba shi wani abu a gida? Kwakwa? Sukari?"

"Nanay ta ce a ba shi. Ban tsaya ba."

"Gara da ba ka tsaya ba. Da yanzu kuna can kuna yanka kek shi yana nan yana shure-shure a gindin bishiya. Ka ga, na kanti rabinsa sukari ne da madara, shi ya sa yake sha a da ba ya komai. Tabliya kuwa zalla ce. Abin nan da ke sa ka ji garau in ka sha, kai jikinka yana fitar da shi. Nasu jikin riƙe shi yake yi, ya yi ta dukan zuciya. Kilo bakwai ne fa duka duka karen nan."

"Zai tashi?"

"Riƙe mini kansa. Yarinyar da ke taya ni aiki ta ɗauki hutu, saurayi ya kai ta bakin teku. Ni kaɗai ce yau."

Ya rungume Kulot a ƙirji. Ta aske gashin ƙafar gaba, ta nemi jijiya, ta soka allura ta manne da filasta, ta rataye robar ruwa a ƙusa. Sannan ta dama garin gawayi a kofi, ta zuƙa a babban sirinji, ta riƙa tura masa ta gefen baki kaɗan-kaɗan. Kulot ya haɗiye na farko da na biyu. A na uku ya girgiza kai da ƙarfi, baƙin ruwa ya fantsama daga wuyan rigar Eloy har aljihu. Bai ko duba ba.

"Kowace shekara haka," in ji Dakta Olarte, tana nuna benci da haɓa. "Wancan bawan Allah fure ya kai wa budurwa, wanda ake kira lili, guba ne ga kyanwa, ita kuwa ta tauna ganyen. Sa'arsu ɗaya sun zo da wuri. Jiya kare aka kawo mini ya haɗiye zaren ɗaure kyauta, tsawonsa kamu biyu. Ni ban hana kowa soyayya ba. Ku yi abinku, amma ku ɗora shi a kan kabad, inda baki ba ya kaiwa."

Saurayin ya ƙara sunkuyar da kai.

Goma saura minti goma ta gama, ta yi masa wata allurar ta cikin robar. Eloy ya yi lissafi a ransa. In ya tashi yanzu zai isa goma da rabi. Magajin gari mutum ne mai son jawabi, kafin ya gama gode wa kansiloli da matarsa an ci rabin awa. Zai iya samu.

Ya zare hannunsa a hankali daga ƙarƙashin kan karen, ya ja da baya taku ɗaya. Kulot ya buɗe ido, ya yunƙura zai bi shi, ƙafafunsa suna zamewa a kan teburin ƙarfe, robar ruwan tana lilo. Likitar ta danne shi da hannu ɗaya, ɗayan kuma a kan ƙirjinsa.

"Ba zan riƙe ka ba, Manong," ta ce, muryarta ta sauka, ba wasa a cikinta yanzu. "Amma in ka fita sai na ɗaure shi, kuma bai san ni ba. Zuciyar nan ba ta son tsoro a yanzu. Da za ka ba ni rabin awa maganin ya kama shi, da na fi samun natsuwa. Kai ka san abin da ke jiranka."

Eloy ya tsaya tsakanin tebur da ƙofa. Ta gilashi yana hango babur ɗinsa a rana.

Ya tuna bencin mai faci. A ranar ma haka ya zauna yana kallon agogo yana wucewa, kuma abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne daɗi ya ji, kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya laluba cikinsa yanzu ko zai sami wannan daɗin. Babu. Ƙafafunsa ƙaiƙayi suke yi, so suke su ruga. So yake ya ga kansa a kan kujerar roba kusa da Minda, cikin zafi da hayaniya, a kira sunansa ya ce na'am da ƙarfi kowa ya ji. Shekara tara bai taɓa jin haka ba sai yau da ba hali.

Ya koma ya sa hannu a ƙarƙashin kan Kulot.

"Kwanta, sarkin kwaɗayi," ya ce masa a kunne. "Ina nan. Mu da muke da hankali mun kasa sha, kai ka lashe tukunya."

Da ɗayan hannun ya ciro waya. Ya kusa danna kira sai ya tuna abin da ta ce; in ta ga sunansa yana haske, mummunan labari za ta fara kawowa. Ya rubuta da babban yatsa, a hankali: Yana raye. Ina zuwa. Ya tura. Ba amsa.

Goma ta yi. Goma da kwata. Budurwar da saurayinta suka tafi da kyanwarsu. Ruwa yana ɗiga a robar ɗaya bayan ɗaya, Eloy yana shafa kunnen karen yana ba shi labarin banza, na fasinjoji, na wata tsohuwa da ta taɓa shiga rumfarsa da agwagi bakwai. Sannu a hankali rawar ƙafafun ta ragu. Hakin ya lafa. Goma da minti talatin da biyar Dakta Olarte ta sake saurarawa, ta daɗe, sannan ta cire abin daga kunnenta.

"Ta sauko. Bar mini shi ya kwana nan, ruwa ya wanke sauran. Tashi ka tafi, Manong. Ka gaishe da amarya, in ta saurare ka."

Lokacin da ya isa ɗakin ƙwallon, mutane fitowa suke yi. Bibbiyu, bibbiyu, fari da fari, kowace mace da jan fure, kowane namiji da kwalin kek. Akwai tsofaffi masu jikoki, akwai mai ciki wata takwas. Masu hoto sai kiran mutane suke yi. Eloy ya kutsa ta cikinsu yana ba da haƙuri, ana kallon rigarsa ana matsawa.

A ciki ma'aikata sun fara tattara kujeru. A layi na shida Minda tana zaune, hannayenta a cinya, jan bakin har yanzu a leɓe ɗaya. Kujerar da ke kusa da ita an manna mata takarda mai lamba sittin da uku. Nanay Pasing tana tsaye a bayanta tana yi mata fifita da takardar shirin biki.

Minda ba ta dubi fuskarsa ba. Baƙin da ke rigarsa ta kalla.

"Faɗa mini."

"Yana raye. Barci yake yi. Likita ta ce zuciyar ta sauko, zai kwana can. Na turo miki saƙo."

"Wayar tana jakar Nanay." Ta rufe ido, ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka.

"Sau uku aka kira sunanku a lasifika," in ji Nanay Pasing. "Sau uku! Matar da ke kusa har hankici ta miƙo mata. Ni ban san inda zan sa fuskata ba ranar Lahadi."

"Na so tahowa," in ji Eloy. "Da na cire hannu sai ya tashi zai bi ni. Likita ta ce..."

"Mutum ɗari da goma sha takwas aka ɗaura wa," in ji Minda, idonta a kan kwandon ƙwallo da ke can sama. "Kujera ɗaya ce babu kowa a kai. Na duba."

Ba ta ce za ta tafi ba. Ba ta ce ba za ta tafi ba. Eloy ya ji kalmar nan ta taso masa daga ciki, ta zo har kan harshe, kamar yadda ta saba: baɗi. Ya danne haƙora a kanta.

Can gaba, kusa da dandamali, wata mata mai kaurin jiki tana cusa manyan littattafai a kwali. Madam Perla ce, ta ofishin rajista, wadda ta rubuta sunayensu watan jiya. Eloy ya nufe ta, takalminsa yana ƙara a kan katakon filin.

"Madam, don Allah."

Ta ɗago. "Sittin da uku? Kai ne? Mun ɗauka ka tsallaka teku. Me ya sami rigarka?"

"Kare ne, Madam. Ya sha guba, na kai shi asibiti."

"Kare." Ta dafa kwalin da hannu biyu. "Shekara goma sha tara ina aikin nan. Na ji ambaliya, na ji taya, akwai wanda kakarsa ta mutu sau biyu. Kare dai yau na fara ji."

"Magajin gari fa?"

"Ya tafi cin abinci. Ba zai dawo ba."

"Madam, ba zan iya kaiwa baɗi ba." Ya matso kusa da kwalin. "Ko ina ne, ko wa zan gani, ki faɗa mini in je."

Ta kalle shi kamar ya tambaye ta ko ana sayar da kifi a kasuwa.

"Wa ya ce maka sai baɗi? Alƙali yana ɗaurawa a ofishinsa duk ranar Talata da safe. Ba kek, ba fure, ba hoto da magajin gari. Ku zo da shaidu biyu, shi ke nan. Takardunku ma suna nan a hannuna."

"Duk Talata?"

"Tun kafin a haife ka."

Ta zaro wani siririn littafi ta buɗe, ta ɗauko biro za ta rubuta. Ya miƙa hannu.

"Bari in rubuta da kaina."

Bai yi nisa a makaranta ba, rubutunsa manya-manya ne, kuma ya danna biron har ya kusa huda takardar. Ya rubuta cikakken sunansa, ya rubuta nata a ƙasa. Madam Perla ta yage wata 'yar takarda ta rubuta rana da lokaci ta ba shi.

"Ƙarfe takwas. Ka wanke rigar nan. Kuma ka ɗaure karen."

Da ya juyo ya ga Minda tana kallonsa, da alama tun ɗazu take kallo. Ya zo ya miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta karanta. Layi biyu ne kawai, amma ta daɗe a kansu.

"Duk Talata," ta ce.

"Haka ta ce."

"Talata nawa ce a cikin shekara tara, Loy?"

Ya sosa ƙeya. "Da yawa."

Gefen bakinta ya motsa, ta yi sauri ta danne. Ta ninke takardar gida huɗu, ta tura ta cikin wuyan rigarta.

"Ni zan riƙe wannan. Kuma ranar ba ka ɗaukar fasinja, ba ka shiga madafa." Ta miƙe ta kakkaɓe rigarta. "Kai ni in ga karena."

"Yanzu? A wannan ranar?" in ji Nanay Pasing. "Ko abinci ba mu ci ba!" Amma ita ta riga su fita, ta shige rumfar babur tana mita, ta ja jakarta kan cinya don ta ba Minda wuri.

Minda ba ta shiga rumfar ba. Ta tattare farar rigarta ta hau bayan Eloy a karkace, ta zagaye shi da hannu ɗaya, tafinta a kan baƙin gawayin da bai gama bushewa ba.

A bakin ƙofa jama'a ba su watse ba. Wasu mata da ke jiran mota suka ga farar riga a bayan farar riga, suka ɗaga hannu suna guɗa.

"Amarya da ango! Allah ya ba da zaman lafiya!"

Eloy ya buɗe baki zai yi bayani. Minda ta ɗan matse shi a ciki, ta ɗaga musu ɗayan hannun.

"Amin," ta ce. "Tuƙa mu tafi."